Zuciya da Ciwonta

In Bahaushe ya ce wane yana da zuciya, nufinsa mutumin yana da saurin fushi. In ya ce ciwon zuciya ya kama shi, sau da yawa ɓacin rai yake nufi. To, a wannan darasi ba wannan muke zance ba. Muna zancen tsokar nan da ke cikin ƙirjinmu, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba.

Aikin zuciya kamar na zugazugin maƙeri ne. Tana matsewa, tana saki. In ta matse sai ta tura jini cikin jijiyoyi, ya kai abinci da iska ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Tana da ɗakuna 4, da ƙyamare 4 masu hana jini komawa baya. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, wajen babban yatsa, ya ƙirga. Baligi mai lafiya, in yana zaune, zai sami bugu 60 zuwa 100 a minti guda. A yini da kwana, wajen bugu 100,000 ke nan. Maƙeri yakan ajiye zugazugi ya sha iska, ita kuwa ba hutu.

Babban abin da ke gajiyar da ita shi ne hawan jini. Watau jini ya riƙa tafiya da ƙarfin da ya wuce kima, zuciya ta riƙa tura shi da wahala. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, ba ciwon kai, ba jiri, alhali kuwa abin yana cinsa shekara da shekaru. Ran da ya bayyana, sai a ga ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace, ko zuciya ta gaza. Sa'an nan a ce iska ce, ko sammu.

Awonsa ba zafi, ba allura. Malamin asibiti zai ɗaura mana wani ƙyalle a damtse, ya hura masa iska, ya karanta lambobi biyu. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. In an auna a ranaku dabam-dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ne. Mu roƙe shi ya faɗa mana lambobin, mu rubuta da kwanan wata, gama za su yi wa likita amfani nan gaba.

Yaya za mu gane zuciya ta fara gazawa? Mutum ya riƙa haki a ɗan tafiyar da da yake yi ba wahala. Ƙafafu su kumbura, har in an danna da yatsa gurbin ya zauna. In ya kwanta numfashi ya sarƙe, sai ya tara matashin kai, ko ya kwana a zaune. Dalili kuwa, zuciya ta kasa tura jini sosai, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

A nan sai mu yi wa magidanta magana, domin wannan gazawa takan kama mai jego, ko da yarinya ce ƙarama. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ga ciwon ya yawaita ƙwarai, suka yi zaton laifin kunun kanwa ne, da wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon wuta. Daga baya an ga yana kama har matan da ba su yi waɗannan ba. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Saboda haka in mai jego ta kumbura, tana haki, tana tari da dare, kada a ce ƙarin kunu take so. A ajiye kanwar, a kai ta asibiti a ranar.

Yara ma ba su tsira ba. Akwai ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi wanda in an ƙyale shi, bayan mako 2 ko 3 gaɓoɓi su yi ciwo, ƙyamaren zuciya su lalace. Penisilin da wuri yakan tare shi. Yaron da ya riga ya kamu, allura ake yi masa kowane mako 3 ko 4, shekaru da yawa.

A asibiti likita zai fara sauraron ƙirji da abin nan da yake ratayawa a wuya. Wani likitan Faransa mai suna Laennec ne ya ƙago shi a 1816. Mai yiwuwa ya sa a manna mana wayoyi a ƙirji da hannuwa, na'ura ta zana bugun zuciya bisa takarda. Sunan wannan awo ECG. Kada mu tsorata, ba wuta yake sa wa mutum ba, saurare kawai yake yi. Akwai kuma hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki, yana nuna ƙyamaren suna buɗewa suna rufewa.

Amma wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa, ciwon yana bin hannu ko muƙamuƙi, ga zufa, wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Wataƙila jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe. A ɗauke shi nan take.

Batun magani, ga inda da yawa daga cikinmu suke kuskure. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne, da za a sha kwana 3 a daina. Danne ciwon yake yi, in an bari ya komo. Wani maganin yana sa yawan fitsari. Aikinsa ke nan, ruwan da ya taru yake fitarwa. Gishiri kuma, kada na mutum guda ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Taba a bar ta ɗungum. In ƙwayoyi sun kusa ƙarewa, mu koma asibiti tun da sauran kaɗan, da katinmu da takardar lambobinmu a aljihu.