Hatimi da Yadda Ake Yinsa

Hatimi wani abu ne da ake sassaƙa suna ko zane a fuskarsa, a dangwala shi cikin tawada, a danna bisa takarda. Sau ɗaya ake shan wahalar sassaƙa shi, amma ya kan fid da zanensa sau ɗari ba tare da ya sāke ba.

Hatimi iri iri ne. Na farko shi ne na ƙarfe, irin na sarakuna. Tun zamanin da, wasiƙar Sarkin Musulmi ta kan fito daga Sakkwato da hatimi a kanta, domin wanda aka aika wa ya tabbata daga ina ta fito. Na biyu shi ne na roba, wanda ake gani a ofis da makaranta. A Amurka aka fara yinsa, tsakanin 1860 da 1870. Na uku na masu sana'a ne. Dukawa suna da ƙananan ƙarafa da su kan buga wa fata ado da su. A Ntonso kuwa, kusa da Kumasi a ƙasar Gana, Asantawa su kan sassaƙa hatimi da ƙwarya, su buga wa zannuwa ado. Sunan wannan ado adinkira.

Yaron da ke ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ba ya bukatar kuɗi kafin ya sami hatimi, gama kayan aikin duk suna gona. In aka yanka kuɓewa a tsakiya, fuskarta ta kan fid da zane kamar fure. Totuwar masara, in aka mirgina ta bisa takarda, sai ta bar ɗige-ɗige a jere. Amma wanda ya fi daɗin sassaƙa shi ne dankali.

Ga yadda ake yi. A sami dankali mai kauri, a raba shi biyu da yanka ɗaya, domin fuskarsa ta yi daidai. A goge ruwansa da tsumma. A zana wata da tauraro, ko ƙwallon auduga. Sa'an nan a yi ta ƙwaƙule gefen zanen da 'yar wuƙa a hankali, har zanen ya tsaya a bisa shi kaɗai. Kullum bakin wuƙa ya nufi waje, kada ya nufi yatsa.

A nan ne yara da yawa su kan faɗi. Hatimi kamar madubi ya ke, abin da ke dama ya kan koma hagun. Wanda ya sassaƙa SALLA yadda ake karanta ta, in ya buga sai ta fito a birkice, dankali da wahala duk sun tafi banza. Dabarar ita ce, a rubuta kalmar bisa takarda da tawada mai kauri, a kifa ta a fuskar dankalin tun ba ta bushe ba. Da an ɗaga, ga rubutu nan a juye, sai a bi shi da wuƙa.

Tawada ma ba sai an saya ba. Gawayi da ƙaro su kan ba da baƙi, shuni ya ba da shuɗi, karan dafi ya ba da ja. A zuba kaɗan bisa tsumma cikin tasa, a riƙa dangwala hatimin a kai. A fara gwadawa a tsohuwar takarda. In ya fito sosai, sai a naɗe farin kwali biyu, a danna sau ɗaya, a ɗaga ba tare da murzawa ba. Katin barka da Salla ya samu ke nan, a kai wa malam ko gwaggo.

Hatimin dankali ba ya daɗewa, kwana biyu ya yanƙwane. Mai son wanda zai shekara sai ya sassaƙa sakaina.

Abu ɗaya ne bai halatta ba, watau kwaikwayon hatimin sarki, ko na alƙali, ko na makaranta. Hatimi shaida ne, mai ƙirƙira na wani kuwa shaidar zur ya yi, kuma doka tana hukunta shi. Kowa ya sassaƙa nasa.

Tambayoyi
1. Faɗi iri uku na hatimi.
2. Don me ake juya rubutu a fuskar hatimi?
3. Me ake samun jan launi da shi?