Rajistar Filaye Da Kwamfuta: Yadda Take Aiki Da Amfaninta Ga Jama'a

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ko a ƙofar gidan dagaci ya san cewa rigimar gona da fili tana cikin abubuwan da suka fi raba zumunci a ƙasar Hausa. Wani ya sayi fuloti har ya tara bulo, sai wani ya ɓullo da takarda irin tasa. Wasu marayu su girma su tarar gonar mahaifinsu ta zama ta wanda aka bai wa aro. Tushen yawancin waɗannan rigingimu shi ne rashin tabbatacciyar shaida game da mai fili, da iyakar filin, da kuma nauyin da ke kansa, kamar jingina ko bashi. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake amfani da kwamfuta wajen rajistar filaye da cinikinsu, da amfanin yin haka, da kuma matsalolin da ke tattare da shi.

Raunin Shaidun Da Muka Gada

Manomanmu sun daɗe suna shata iyaka da tsirrai, irin su gamba da jema da aguwa da bini-da-zugu. Dabara ce mai kyau, domin tsirran suna jure fari, saiwoyinsu kuma suna riƙe ƙasa. Amma tsiro abu ne mai rai. Yana yaɗuwa, yana mutuwa, gobarar daji na cinye shi, kuma maƙwabci mai haɗama yana iya gusar da shi kaɗan-kaɗan kowace damina. Dattawan da suka shaida iyakar su ma ba sa dawwama.

Ita ma takarda tana da abokan gaba. Da ɓargon itace ake yin ta, kuma babban sinadarin da ke cikinta shi ne selulos, wanda shi ne abincin gara. Gara tana narkar da selulos da taimakon ƙananan halittun da ke zaune a hanjinta, wasu nau'o'in kuma da taimakon naman gwarin da suke nomawa a cikin suri. Idan laima ta yi yawa, sai fumfuna ta kama takardar. Tsamin da ke cikin takarda mai araha kuma yana sa ta yi ja, ta riƙa karyewa. Ban da waɗannan, ga ɓera, ga gobara, ga ambaliya. A watan Disamba na 2004, lokacin da igiyar teku ta afka wa lardin Aceh na Indonesiya, littattafan rajistar filaye sun jiƙe da ruwa da laka, har sai da aka daskarar da su cikin sanyi aka busar da su a hankali kafin a ceto abin da ke cikinsu.

Mece Ce Rajistar Fili?

Rajista iri biyu ce. Ta farko ita ce ajiye kwafin takardun ciniki a ofishin gwamnati. A nan mai saye ne zai bi takardun ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar da silsilar mallakar ba ta yanke ba. Ta biyu ita ce rajistar mallaka, wadda Robert Torrens ya kawo a Ostireliya ta Kudu a shekarar 1858. Masana sun taƙaita ta cikin ƙa'idoji uku. Ta ɗaya, rajista madubi ce mai nuna ainihin halin da fili yake ciki. Ta biyu, labule ce, wato mai saye ba ya buƙatar tonon tarihin da ya shuɗe. Ta uku, hukuma ce ke lamunce abin da ke rubuce, ta kuma biya diyya idan kuskurenta ya jawo wa wani hasara. Kwamfuta tana iya hidimta wa kowanne daga cikin tsarin biyu, amma amfaninta ya fi bayyana a na biyun.

Yadda Na'ura Take Aikin

Matakin farko shi ne awo. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ba su gaza 24 ba, suna kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci. Idan na'urar da ke hannun ma'aikacin safiyo ta karɓi saƙo daga huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa nisan kowanne, ta fitar da lambobin wurin da take tsaye. Wayar hannu takan yi kuskuren 'yan mitoci, amma na'urar safiyo mai kwatanta awonta da tashar da aka san matsayinta tana rage kuskuren zuwa 'yan santimitoci. Saboda haka ko an tuge gamba, ko an tone dutsen safiyo, ana iya komawa a gano kusurwar gonar.

Mataki na biyu shi ne haɗa taswira da bayani. Ana ɗora iyakokin filaye a kan hoton da jirgin sama ko tauraron ɗan'adam ya ɗauka, a bai wa kowane fili lamba wadda babu mai irinta. A ƙarƙashin lambar sai a rubuta sunan mai shi, da girmansa, da abin da aka amince a yi da shi, da jinginar da ke kansa. Idan wani ya nemi shigar da filin da ya hau kan wani, nan take na'ura za ta nuna. Ana kuma ajiye kwafin bayanan a wurare dabam-dabam, yadda gobarar ofishi ɗaya ba za ta shafe su ba.

Mataki na uku shi ne ciniki ta na'ura. A Ostireliya, inda aka fara amfani da dandalin PEXA a 2013, lauyan mai sayarwa da na mai saye da bankunansu sukan haɗu a kan fayil guda ta intanet. Kowa yana sa hannu da mabuɗin sirri na lambobi, wanda ke tabbatar da wanda ya sa hannun, ya kuma fallasa duk canjin da aka yi wa takardar daga baya. A lokacin da aka tsayar, kuɗi su tafi ga mai sayarwa, takardar sauya mallaka kuma ta isa ofishin rajista a tare. Jihar New South Wales ta soke takardun mallaka na hannu baki ɗaya a watan Oktoba na 2021. A Afirka, Dokar Ƙasa ta Gana ta 2020 ta yi tanadin irin wannan ciniki, Kenya kuma ta ƙaddamar da dandalin Ardhisasa a 2021.

Amfanin Tsarin

Amfani na farko shi ne toshe ƙofar sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, domin mai saye yana iya bincikawa kafin ya biya. Na biyu, fayil ba ya ɓata a ofishi, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa shi na'ura tana rubuta sunansa da lokacin, abin da ke rage cin hanci. Na uku, sauƙi ga talaka. A jihar Karnataka ta Indiya, shirin Bhoomi ya shigar da bayanan filaye kimanin miliyan 20 cikin kwamfuta a farkon shekarun 2000, manomi ya koma karɓar shaidarsa a kanti da ɗan kuɗi kaɗan, maimakon bin ma'aikacin ƙauye. Na huɗu, kāre haƙƙin mata da marayu, idan an rubuta sunayen duk masu rabo a gado. Na biyar, banki ya fi yarda da jinginar filin da ya ga bayaninsa, gwamnati kuma ta san inda za ta bi da hanya da magudanar ruwa.

Akwai wani amfanin da ya shafi rayuwar ƙasa kanta. Wanda ba shi da tabbacin gona ba ya dasa itacen da sai bayan shekaru zai amfana da shi, ba ya kuma wahalar kai taki. Ruwanda ta shata filaye fiye da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013 ta hanyar hotunan sama, kuma binciken masanan Bankin Duniya a yankunan da aka fara gwajin ya nuna ƙaruwar aikin hana zaizayar ƙasa, musamman a gidajen da mata ke riƙe da su. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar ma, samun tabbacin cewa itacen da ke gona na mai gonar ne yana cikin dalilan da suka sa manoma suka riƙa renon gawo da sauran itatuwa tun daga shekarun 1980, har aka ƙiyasta farfaɗowar hekta kusan miliyan 5. Haka kuma idan burtali da makiyaya da mashaya da gandun daji suna kan taswira, kwatanta hoton bana da na bara ya isa ya nuna inda aka ci iyakarsu.

Halin Da Ake Ciki A Nijeriya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma wajabta neman amincewarsa kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka. A 2009 aka kafa kwamitin gyaran harkar filaye a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya yi gwajin rajistar unguwa-unguwa a jihohin Kano da Ondo. Abuja ta kafa hukumar AGIS a 2003, Kaduna ta yi dokar KADGIS a 2015, Kano da Nasarawa su ma suna da KANGIS da NAGIS. Duk da haka, mafi yawan gonakin karkara har yanzu shaidarsu tana hannun dagatai da masu unguwanni.

Matsaloli

Kwamfuta abin da aka ba ta shi take riƙewa. Idan aka shigar da sunan wanda ya ƙwace gona, to zaluncin ya sami ƙarfin doka. Don haka wajibi ne a yi shata a gaban maƙwabta da masu gari, a kuma kafe sakamakon a bainar jama'a kafin a tabbatar da shi. Na biyu, haƙƙoƙinmu sukan hau kan juna: mai gona yana da damina, makiyayi yana da kiwon kara bayan girbi, mata suna da tsintar kaɗanya da ɗorawa. Rajistar da ta san suna ɗaya kawai tana iya shafe sauran. Na uku, idan kuɗin sauya suna ya yi tsada, jama'a za su koma ciniki a bayan fage, rajista ta daina nuna gaskiya, kamar yadda bincike ya nuna a karkarar Ruwanda. Na huɗu, ɓarayin intanet: a watan Janairu na 2025 kutse ya tsayar da rajistar filayen ƙasar Silobakiya na tsawon kwanaki.

Kammalawa

Mun ga cewa rajistar filaye da kwamfuta tana tsare shaida daga gara da gobara da kuma hannun ɓata-gari, tana sauƙaƙa ciniki, tana kuma ƙarfafa wa manomi gwiwar kula da ƙasarsa, muddin an gina ta a kan gaskiya da araha. Shawara ga mai karatu ita ce, kada ya biya kuɗin fili sai ya bincika a ofishin ƙasa da safiyo na jiharsa, kuma idan an raba gado a hanzarta sauya suna tun shaidu suna raye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.