Yadda ake farautar ɓarnar ƙwaƙwalwa a manhajar sadarwa

Sabar da aka rubuta da C ko C++ takan yi mako tana aiki lafiya lau, sai wani dare ta mutu ba sallama. A tashe ta, ta ci gaba kamar ba ita ba. Yawanci ɓarnar ƙwaƙwalwa ce: wani sashe ya yi rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ware masa, ko ya taɓa wurin da aka riga aka saki. Inda ta faɗi daban, inda ta yi tuntuɓe daban, wani lokaci awanni ne tsakaninsu. Aikinka shi ne rage wannan tazara.

Da farko kada faɗuwa ta gaba ta tafi a banza. A Linux ka sa ulimit -c unlimited domin a ajiye maka hoton ƙwaƙwalwar a daidai lokacin mutuwa, ka kuma haɗa manhajar da -g. Adana ainihin fayil ɗin da ya faɗi, don hoton da aka buɗe da wani haɗin daban ƙarya zai shirga maka.

Buɗe hoton da gdb. Umarnin bt zai nuna inda aka faɗi, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Leƙa abin da ke kwance a wurin da ya lalace. A ce manunin da ya kamata ya riƙe adireshi yana ɗauke da 0x20544547. A injin x86 daga dama ake karanto shi: 47, 45, 54, 20, wato haruffan GET da sarari. Buƙatar HTTP ce ta hau kan manunin. Tunda kuma kan saƙon ne ba wutsiyarsa ba, zargi ya fi karkata ga cewa an saki wurin, an ba mazubin karɓar saƙo, alhali wani yana riƙe da tsohon adireshin.

Sai tilasta wa sabar faɗuwa a gabanka. Ɗauki zirga-zirgar saƙonninta da tcpdump, ka rubuta ɗan abin da zai maimaita ta, amma da mugunta. TCP bai yi wa kowa alkawarin kawo saƙo a dunƙule ba, don haka aika shi bayit-bayit, katse layin ana tsakiyar magana, yi ƙarya a filin da ke faɗin tsawon saƙo. Irin wannan ƙaryar tsawo ce ta haifar da ɓarakar Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014.

Yi wannan gwajin a kan haɗin da ka sa wa -fsanitize=address. AddressSanitizer yakan tsayar da manhajar nan take, ya faɗa maka layin da ya taɓa wurin, da wanda ya ware shi, da wanda ya sake shi, saurin kuma kusan rabi kawai yake raguwa. Valgrind ba ya buƙatar sabon haɗi, sai dai nawarsa takan wuce ninki 10, kuma kuskuren da ya dogara da tseren lokaci yakan ɓuya a irin wannan nawa. Wani tarko: sabobi da yawa suna da rumbunsu na raba ƙwaƙwalwa, wanda waɗannan kayan ba sa ganin cikinsa. Kashe shi, ka koma malloc zalla kafin gwaji. In zare biyu masu gudu lokaci guda kake zargi, ThreadSanitizer ne, a haɗi na daban.

Idan duk ta ƙi, ɗauko rr da aka ƙirƙira a Mozilla. Yana naɗar gudun manhajar, ka maimaita shi yadda ya faru sak. Je wurin faɗuwar, sa watch -l a kan adireshin da ya lalace, ka buga reverse-continue. Zai koma da kai baya har layin da ya yi rubutun.

Kada ka yarda da gyaran da ya tsaya ga duba NULL a wurin faɗuwa, rufa-rufa ce. Gyara layin da ya yi ɓarnar, ka ajiye saƙon da ya kashe sabar cikin gwaje-gwajenka, sannan ka sakar wa sashen karanta saƙo AFL ko libFuzzer su kwana suna jibgarsa.