Yadda Wata Jarida Ta Raba Wa Masu Karatunta Aikin Bincike

Yau a shirinmu na kimiyya za mu yi magana ne a kan wata dabara wadda gidajen jaridu suka ƙago tun da intanet ta game duniya, watau su gina wani shafi inda mai karatu zai sa hannu ya taya su aiki a kan sha'anin mulkin ƙasarsa. Domin abin ya fito sarai, bari mu ɗauki misali guda, wanda ya faru a Ingila cikin shekarar 2009.

Wakilan Majalisar Dokokin Birtaniya, su 646 ne a lokacin, ban da albashi ana ba su kuɗin ɗawainiya. Wanda mazaɓarsa ke nesa da London yana iya karɓar wajen fam 24,000 a shekara saboda riƙon gida na biyu. Ya kawo rasit, a biya shi daga baitulmali. Shekara da shekaru ba mai ganin takardun nan sai akawunan majalisa. Wata 'yar jarida, Heather Brooke, da waɗansu abokan aikinta suka nemi a nuna musu, majalisa ta ƙi, har aka je Babbar Kotu, cikin watan Mayu na 2008 kotu ta ba su gaskiya. Kafin majalisa ta gama shirin buɗe takardun, sai wani ya sayar wa jaridar Daily Telegraph da su duka, ta fara bugawa ran 8 ga Mayu, 2009. Ƙasa ta ruɗe. Aka ji har akwai wakilin da ya nemi a biya shi fam 1,645 kuɗin ɗakin da ya saya wa agwaginsa! Shugaban majalisa, Michael Martin, dole ya sauka daga kujerarsa.

Ran 18 ga Yuni majalisa ta fitar da nata kwafin a intanet. Jaridar Guardian ta kwashe, ta sami shafi 458,832. To, bari mu yi lissafi. In akawu ɗaya yana duba shafi ɗaya kowane minti, awa takwas a yini, zai duba shafi 480 ke nan. Kafin ya kai ƙarshe sai ya yi kwana 956, fiye da shekara biyu da rabi, ba Juma'a ba Lahadi. Kwamfuta kuwa ba ta iya ɗauke masa nauyin nan a lokacin, gama takardun hotuna ne, waɗansu rubutun hannu, waɗansu sun dushe.

Wani ma'aikacin jaridar mai suna Simon Willison da abokansa suka tsara shafi cikin 'yan kwanaki. Ka shiga, a nuna maka takarda ɗaya. Ka faɗi ko rasit ce ko takardar neman biya, ka rubuta abin da aka saya da kuɗinsa, sa'an nan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu: ba kome a ciki, akwai abin lura, akwai abin lura amma an riga an sani, a bincika wannan. Shi ke nan, sai a kawo maka wata. Cikin awa 80 na farko aka duba takarda 170,000, kimanin 35 ke nan kowane minti, mutanen da suka sa hannu kuwa sun wuce 20,000.

Masana kimiyya sun riga 'yan jarida bin wannan hanya. Cikin 2007 masu ilmin taurari na jami'ar Oxford suka zuba hotunan tarin taurari wajen 900,000 a intanet, suka roƙi jama'a su rarraba su bisa ga siffarsu. Sun kuwa sa mutane da yawa suna duban hoto guda, domin in ɗaya ya yi kuskure sauran su gyara. Sharaɗin abin shi ne aiki ya rabu gutsure gutsure, kowane gutsure kuwa ya zama wanda mutum zai gama kafin shayinsa ya huce.

Amma ni a ganina darasin da ya fi ban sha'awa na halin ɗan Adam ne. Willison ya ce da suka liƙa hoton fuskar kowane wakili kusa da takardunsa, sai aikin ya ƙara sauri. Suka kuma sa wani ma'auni a shafin farko mai nuna yawan abin da aka gama da abin da ya rage, da jerin sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari. Mutane da yawa kuwa wakilin garinsu suka fara nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama ɗan gari shi ya san nisan da ke tsakanin gidan wakilinsa da tashar jirgi, shi ya san ko ofishin da aka karɓi kuɗin hayarsa yana buɗe. Editan da ke zaune a London bai san wannan ba.

To, sai dai zumuɗi ba ya daɗewa. Bayan 'yan makonni masu shiga suka ragu ƙwarai, tulin takardu ya saura ba wanda ya duba. Da aka fitar da sababbin takardu cikin watan Disamba na shekarar nan, sai jaridar ta sake tsari, ta yanka aikin ƙanana ƙanana yadda kowa zai hango ƙarshensa. Kuma wanda ya danna "a bincika wannan" bai tabbatar da laifi ba, nuni kaɗai ya yi. Dole ɗan jarida ya bi sawu, ya tambayi wanda ake zargi, kafin a buga.

Babbar matsala ma ba daga masu karatu ta zo ba. Kafin majalisa ta saki takardun, ta shafe wurare da yawa da baƙin tawada, har da adireshin gidaje, wai don tsaron lafiyar wakilai. Alhali kuwa wayon da ya fi ɓata wa mutane rai a cikin adireshin yake. Wakili ya ce wannan ne gidansa na biyu, ya gyara shi da kuɗin jama'a, baɗi ya ce a'a, wancan ne, shi ma ya gyara. In an rufe adireshi, ko mutum zambar ɗari ne suka duba, ba mai gane an sauya gida. Daily Telegraph, wadda ke riƙe da takardun da ba a shafe ba, ita ta tona wannan, da ƙaramin rukunin ma'aikata a ɗaki guda.

Cikin shekarar 2009 ɗin aka yi doka aka kafa hukuma mai zaman kanta don lura da kuɗin wakilai, ta kama aiki a 2010. Cikin 2011 aka ɗaure mutum huɗu waɗanda suka zauna a majalisar, saboda neman kuɗi da takardun ƙarya. Hukumar nan tana buga abin da kowane wakili ya nema a intanet a kai a kai, saboda haka masu sauraronmu da ke zaune a London ko Manchester suna iya neman sunan wakilinsu su gani da idonsu.