Idan Fayawol Ya Dame Ka Da Gargaɗi, Kada Ka Kashe Shi

Aikina kula da kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu ne a Kano, kuma akwai ƙorafin da ba ya yankewa: "Malam, wani akwati yana ta fitowa, in na danna ya tafi, gobe sai ya dawo." Akwatin nan na fayawol ne, katangar da ke tsakanin kwamfutarka da sauran na'urorin da kuke kan layi ɗaya. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, sau da yawa manhajar da ake gargaɗi a kanta ita ce antibairos ɗin da suka saka don ya kare su.

Fayawol ɗin Windows yana tambaya ne idan wata manhaja ta nemi buɗe ƙofar karɓar saƙo daga waje. In ka danna Allow access, sai ya rubuta izini, amma yana ɗaure izinin da wurin da fayil ɗin manhajar yake zaune. Wasu manhajojin in sun sabunta kansu sukan koma sabon folda mai ɗauke da lambar sabon samfuri, sai Windows ya gan su a matsayin baƙi, ya sake tambaya. Ga kuma batun irin layin. Windows yana bambanta layin da ka amince da shi, wato Private, da na jama'a, wato Public. Ka ba da izini da safe a kan intanet ɗin ofis, da rana wuta ta ɗauke ka jona da wayarka, izinin safe ba lallai ya yi aiki a nan ba.

Amma abin da na fi tararwa shi ne cunkoso. Kwamfuta ta zo da antibairos na gwaji, wa'adinsa ya ƙare, aka kai ta wurin mai gyara ya ɗora wani a kai bai cire na farko ba, wani lokaci har da na uku wanda aka fasa lasisinsa. Manyan antibairos da yawa suna zuwa da nasu fayawol ɗin. Ya zama masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowa na tsare ɗan'uwansa yana tambayarsa wa ya aiko shi. Ga gargaɗi ba iyaka, ga kwamfuta ta yi nauyi.

Daga nan sai mutum ya gaji, ya kashe fayawol ɗin gaba ɗaya. Wannan ne ke tayar mini da hankali. A watan Mayun 2017, bairos ɗin WannaCry ya shiga kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Ta ƙofa mai lamba 445 ya riƙa bi, wadda Windows ke raba fayiloli da ita, ba tare da kowa ya danna komai ba. Wanda bai kashe fayawol ba kuma hannunsa ya saba da danna Allow ba karatu, ranar da mugun abu zai nemi izini haka zai ba shi.

Don haka in akwatin ya fito, tsaya ka karanta sunan manhajar, da kamfanin da ya yi ta, da wurin da take. In an ce ba a san mai ita ba, ko tana zaune a Downloads ko Temp, danna Cancel. Sannan ka buɗe Windows Security, ka shiga Firewall & network protection, za ka ga wanda ke riƙe da gadin. Zaɓi antibairos ɗaya, ka cire sauran. Cirewar da aka saba takan bar saura, shi ya sa kamfanonin suka yi kayan sharewa na musamman: McAfee yana da MCPR, Kaspersky yana da kavremover, Avast yana da Avast Clear. Daga shafin kamfanin za ka sauko da su, in ka gama ka kashe kwamfutar ka kunna. A ganina, ga yawancin masu Windows 10 da 11, Defender, antibairos ɗin da ya zo tare da Windows, ya wadatar, kuma ya fi wanda aka fasa aminci nesa ba kusa ba.

In abin ya ci gaba, mai ɗan sani zai iya rubuta wf.msc, ya shiga Inbound Rules ya goge tsofaffin izinin manhajar. Akwai kuma maɓallin mayar da fayawol yadda ya zo, sai dai yana share duk izinin da aka taɓa bayarwa, har firintar da kuke rabawa a ofis tana iya daina amsawa sai an sake saita ta.

Wani gargaɗin kuma ba daga fayawol yake ba sam. In ka ga saƙo a gefen allo da tambarin wani sanannen antibairos yana cewa an kama bairos biyar, ka biya yanzu ko ka kira wata lamba, duba ƙasansa, za ka ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi. Shafin ne ka taɓa ba izinin turo maka sanarwa. Kada ka danna shi, kada ka kira lambar. Shiga saitin burauzar, ɓangaren Notifications, ka cire shafin daga jerin waɗanda aka yarda wa.