Shin Imamu Malik Ya Ji Hadisi Daga Nafi'u?



'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama gaban malam da Muwaɗɗa, a nan Paraku ko a zaurukan Zugu, kunnensa ya saba da "Malik, daga Nafi'u, daga Ibnu Umar". Imamul Bukhari ya ce babu isnadin da ya fi wannan inganci. To, akwai Baturen da ya ce bai yarda ba.

Sunansa Joseph Schacht, yana cikin mustashriƙai, wato Turawa masu binciken Musulunci. A 1950 ya fitar da littafi kan asalin fiƙihu, inda ya bi sawun Goldziher, mutumin Hangare. Ƙa'idarsa ita ce: kowane hadisin hukunci a ɗauka ƙirƙirarsa aka yi daga baya, sai in hujja ta nuna ba haka ba. Kun ga an yanke hukunci tun kafin a kira shaidu.

Da ya zo kan wannan isnadi sai ya ce Nafi'u ya rasu wajen 117 bayan Hijira, Malik kuma a 179, saboda haka in ma sun haɗu, Malik bai wuce yaro ba. Malam Mustafa al-A'azami, wanda ya yi digirinsa na dakta a Kambirij, ya mai da masa martani: me ya sa za a yi lissafi da shekarar rasuwa, a bar ta haihuwa? Sanannen zance shi ne an haifi Malik a 93. Ku cire 93 daga 117, saura 24. Ɗan shekara 24 yaro ne? Ga shi kuma garinsu ɗaya, Madina. Ni ko da yaron ne ma ban ga abin mamaki ba, tunda a tsangayunmu ana samun ɗan shekara 12 da ya haddace Alƙur'ani.

Amma fa kada mu yi musu kuɗin goro, mu ma mu faɗa son zuciya. Wani Bajamushe, Harald Motzki, ya zauna ya bi ruwayoyin Musannaf na Abdurrazzaƙ, ya gwama na wannan malami da na wancan. A 1991 ya fitar da sakamako: ruwayar kowane malami da irin salonta, abin da zai yi wuya a ce mutum ɗaya ne ya ƙaga, kuma da yawansu sun girmi lokacin da Schacht ya yanka musu.