Kashu: Riba Tana Wajen Mai Fasawa

Itacen kashu, wato yazawa, ɗan'uwan mangwaro ne, kuma ba ya rabuwa da ganye rani da damina. Asalinsa Burazil, Turawan Fotugal suka yaɗa shi a ƙarni na 16. Abin da ake sha a Yara da sauran unguwannin Keffi kumburarren mariƙi ne kawai. Ƙwallon da ke rataye ƙarƙashinsa shi ne ainihin ɗan itacen, kuma shi ne kuɗi. Hatta man ɓawonsa, mai ƙona fata, ana sa shi a fenti da takalmin birki. Sai dai galibin ƙwallon Nijeriya ɗanye ake lodinsa zuwa Biyetnam da Indiya, can ake fasa shi. Mai jarin da ya tsaya ga saye da shanya, ladan dako yake ci.